Ginin da Ake Ci

Mutum ɗari da hamsin, in ji Inna Kulu,
ban da waɗanda ba a gayyata ba,
su ne kuwa masu zuwa da wuri.
Baba Ladan ya ajiye aiki a Kalambaina,
shekara talatin da biyar yana birkila,
siminti a gira, siminti a tari.
Aka ce gobe Asabar walima,
aka ce ni zan yi kek.

Ni da ban taɓa wuce na gwangwanin madara ba,
ɗan dozin biyu na Sallah.

Fulawa tiya uku, sukari tiya guda,
ƙwai kiret uku daga Tsohuwar Kasuwa.
Modi ya ɗauko a bayan kabu-kabu,
bakwai suka fashe wajen Rijiyar Ɗorowa,
ya rantse ba shi ba ne, rami ne.
Bota ba ta jira wuta ba,
ranar Sakkwato ta narkar da ita tun a leda.

A sabon baho muka buga,
da muciyar tuwo, ni da Ige,
in ta gaji ta miƙo, in na gaji in miƙa,
har sukari ya daina ƙara ƙarƙashin muciya,
har kafaɗata ta ce ba da ita ba.

Ƙarfe tara na dare aka ɗauke wuta.
Obin ɗin aro ya koma akwati.
Na zauna bakin rariya ina hawaye,
ƙullu na kallona, ina kallon ƙullu.
Inna Kulu ta ce, "Kukan mi kika yi, ɗiyata?
Tun ba a haihe ki ba muka gashi da rairai."

Aka jawo tukunyar suna,
aka zuba rairayin gulbi,
gawayi ƙasa, gawayi bisa marfi.
Faranti huɗu, ɗaya bayan ɗaya,
muna soka tsinken tsintsiya muna dubawa da tocila.
Ƙamshi ya tsallake katanga,
akuyar maƙwabta ta kwana tana kuka.

Na fari ya ƙone ta gefe.
Na biyu ya yi tozo kamar bijimi.
Na uku ya tsage.
Na huɗu kaɗai ya ji tsoron Allah.
Da na ɗora su kan juna da asuba
suka karkace yamma,
kamar katangar laka bayan damina.

Sai ga Baba daga masallaci.
Ya zagaya tebur sau biyu,
ya runtse ido ɗaya, ya durƙusa.
"Wa yay yi wanga gini ba awo?"
Bai jira amsa ba.
Ya wanke hannu har gwiwa,
ya ɗauko sabon cokalin gini
da abokan aiki suka ba shi na sallama,
ko takardarsa ba a ɓare ba.

Ya sare tozon, ya kankare ƙuna,
ya kwaɓa ɓurɓushi da farin sukari ya cike tsaga,
ya ɗaura ƙaramin cokali a zare ya saki
don ya ga tsayuwar kusurwa.
Sannan ya hau yaɓe, a hankali,
yana cewa, "Miƙo kwaɓi, lebura,"
ni kuwa ina miƙawa.
Abin da ya faɗi gefe ba ya komawa baho,
na ga gemunsa yana motsi.

Da la'asar, ƙarƙashin rumfa,
aka ba shi wuƙa, aka yi tsit.
Ya daɗe tsaye.
Ya ce bai taɓa rushe abin da ya gina ba,
ya miƙa mini wuƙar, ya koma kujera.

Na yanka ta wajen tsagar.
Ban same ta ba.