Fensirin Eilif

Duk hutun Ista mukan hau dutse, ni da Eilif,
mu bar Bergen da ruwan samanta da ba ya gajiya,
mu shige ɗakin katakon da mahaifinsa ya kafa.
Jaka ɗaya ta tufafi, ɗaya ta lemo da gahawa,
ta ukun, mai karya kafaɗa, littattafai ne zalla,
kowanne da gawarsa a ciki.

Haka mutanenmu suke.
In dusar ƙanƙara ta toshe ƙofa,
sai kowa ya nemi labarin da aka yi kisa.
Har fasto Asbjørn, in ya sauko daga mumbari,
sawun guba yake bi, shafi-shafi, har asuba.

Eilif ba ya karatu hannu rabbana.
Fensir na nan maƙale a bayan kunne.
Ya ƙare ƙuruciyarsa a gyaran injin jirgin ruwa,
ya yarda kowace ƙara da dalilinta.
Kafin shafi na arba'in ya rubuta a gefe:
"Likitan ne. Dubi yadda yake wanke hannu."
A shafi na casa'in an tsinci likitan a rijiya.
Sai ya soke, ya lashi bakin fensir:
"To, ƙanwar matar ce."
Ba ita ba ce. Ba ta taɓa zama ita ba.
In asiri ya tonu, ya ce marubuciya ta yi maguɗi,
ya tashi ya cusa wa murhu itace da huci,
ni kuwa ina cikin bargo, dariya na cina.

Bana ni kaɗai na hau.
'Yata Ragnhild ta ce, "Mama, me za ki yi can?"
Na ce akwai wanda zan je kamawa.

Littafin na nan inda ya kife shi bara, bakin taga,
danshi ya kumbura shi kamar burodi.
Rasidin kantin magani ne alamar inda ya tsaya:
ɗari biyu da sha bakwai.
Wata yarinya ta ɓace a tashar jirgin ƙasa,
an ga jar laimarta,
wayarta na ta kuka cikin kwandon shara.
A gefe, rubutun ya soma rawa:
"Direban tasi ne. Wannan karon na tabbata."
Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe:
"Kar ki leƙa ƙarshe, Torunn."
Ya san halina.

Ban leƙa ba.
Na goge tabarau, na ɗora daga inda ya ajiye.
Iska na lalube a rufi, katako na ƙas-ƙas,
sau biyu na tashi na duba sakata,
ni da na kwana tara a barandar asibiti ban ƙifta ba.
Tsoron littafi daɗi gare shi,
tsoro ne mai bango biyu, ka rufe ya kwanta.
A cikinsa in an rasa mutum, akwai wanda za a tuhuma,
akwai mai riƙe da wuƙa, akwai ankwa.
Wancan na asibiti ba shi da fuska,
likita ya sunkuyar da kai ne kawai.

Ƙarfe uku da kwata, 'yar sanda ta buɗe bayan mota,
ga kullin jar laimar a ƙarƙashin taya.

Direban ne.

Na faɗa da ƙarfi, har gahawa ta zube.
Na jira a ce, "Ban gaya miki ba?"
Murhu kaɗai ya amsa, shi ma da kyar.

Fensirin na cikin kofi, da sawun haƙoransa.
Na rubuta a ƙarƙashin nasa:
"Ka ci. Sau ɗaya a shekara talatin da ɗaya."
Sannan na ɓare lemo,
hannuna ya raba shi biyu ban sa shi ba.