Kaifin Kawai

Shekara talatin da ɗaya ina wasa wuƙa a Esquel,
shagona na kallon tsaunin da ƙanƙara ta aura.
Dutsena ya ci ƙarfe fiye da yadda na ci nama,
kunnena kuwa ya ƙoshi da gardama.

Ceferino ya shigo da warin tumaki a bargonsa.
Wuƙarsa ta rame kamar ganyen ciyawa,
kakansa ya wasa, ubansa ya wasa,
ni ma na rage mata abin da na rage.
Ya hangi baƙar nan kwance a teburi,
gadon bayanta kaurin ɗan yatsa,
ƙarfe guda tun daga tsini har gindin ƙota.
Ya ɗaga, ya jinjina, ya ajiye.
“Wannan sandar ɓalle ƙofa ce aka yi wa baki.
Feɗe rago da ita ka ga fata ta koma rariya.”

Mai ita na tsaye. Ulises, likitan haƙori,
yana da arba’in da biyu a akwatin gilashi,
kowacce da lambarta, kowacce da takardarta,
sai ya sa safar hannu yake taɓa su.
Ya ce, “Baba, ba don rago aka ƙera ta ba,
don ranar da komai ya lalace ne.”
Ceferino ya ce, “Ni kullum komai a lalace yake,
ban taɓa neman wadda ta fi tawa ba.”

Nélida mai gyaran kifi ta leƙo tana dariya:
“Maza da son nauyi!
Ku ba ni siririya in raba ƙaya da tsoka,
ku ci gaba da awon kauri.”

Efraín na jiran almakashin matarsa,
tsohon soja ne, ba ya son dogon zance.
“Shekara shida irinta na ƙuguna.
Gwangwani na buɗe, rami na haƙa, igiya na yanke.
Abin da masu talla ke zanawa a kwali
ban gani ba,
ba na kuma fatan gani.”

Ban ce uffan ba, amma ina bayan makiyayi.
Wuƙar da ba ta taɓa yanka ba,
me zan wasa a jikinta?

Sai Yuli ya zo, tsakiyar sanyinmu.
Motar Ulises ta zame a hanyar Trevelin,
dare ya rufa, waya ta ƙi kamawa,
’yarsa Maite a kujerar baya, leɓɓanta sun soma shuɗi.
Babu gatari.
Akwai baƙar nan a kwalinta, mai saye na jiranta.
Ya tumɓuke turken shinge, ya kafa mata baki a kai,
ya ɗauki dutse ya buga.
Ya buga har tafinsa ya fashe.
Itace ya tsage, cikinsa a bushe,
wuta ta kama, ta kai su asuba.

Ran Litinin ya kawo mini ita, ba safar hannu.
Baƙin fentin ya kankare,
giɓi uku a baki, gadon baya duk shatin dutse.
Na ce zan goge ta har ta manta daren.
Ya ce, “Kaifin kawai.
Tabon ka bar mini shi.”
Kuɗinta ya faɗi rabi, ya sani,
ya riga ya gaya wa mai saye ta fasu.

Ceferino ya ji labari, ya sauko daga tudu.
Ya juya ta a hannu, ya daɗe,
yana bin giɓin da babban yatsa.
“Yanzu ta zama wuƙa,” in ji shi.
Ya mai da tasa kube, ya ja bargo,
daga bakin ƙofa ya waiwayo:
“Amma dai, likita, ka riƙa sa gatari a mota.”