Masu Gajeren Kwana

Ran Talata aka kafa rumfa
a bakin babbar kwatar Nima.
An jera kujerun roba saba'in,
mutum ashirin da uku suka zo.
Ni aka ɗauka tafinta,
sidi ɗari da ruwan leda biyu.

Madam Lamiokor, daga ofishin muhalli,
ta buɗe takarda mai kauri.
Ta ce gwamnati na da shiri
kan abubuwan da ke hura wa duniya zafi:
kunkunniyar murhu,
hucin da juji ke yi in rana ta take,
iskar firiji in ta zurare,
baƙin hayaƙin tsohuwar tirotiro a hawan Kanda.
Ta haɗa su duka a wani dogon suna.
Na juya sunan a baki kamar goro mai ɗaci,
sannan na ce: masu gajeren kwana.

Rumfa ta yi tsit.
Mu nan, a gidan makoki ake faɗin haka.

Na yi maza na gyara:
ai nufinta ba sa daɗewa a sama.
Kunkunniya kwanaki kaɗan, sai ta faɗo.
Hucin juji shekara goma sha biyu.
In muka rage yau,
da idonmu za mu ga sauƙin,
ba sai jikoki ba.

Mma Sahadatu mai wake da shinkafa
ta ɗaga hannu,
hannun da garwashi ya yi wa tambari shekara talatin.
"Tambaye ta,
in ta faɗo, ina take sauka?"

Ban juya tambayar ba.
Katanga ɗaya ta raba ɗakina da nata,
tarinta ke tashe ni kafin ladan.

"Ni da Fuseina murhu ɗaya muka haɗa," in ji ta.
"Bara muka kai ta maƙabarta.
Hayaƙin yana nan, ko da safiyar nan na baro shi.
To, a cikinsu wane ne mai gajeren kwanan?"

Wannan kam na juya, kalma bayan kalma.

Madam ta rufe takarda.
Ta ce uwarta kifi take bandawa a Chorkor,
ta ce ta san wannan tarin.
Sai ta sake buɗewa, don aikinta ke nan:
tukunyar gas a biya kaɗan-kaɗan,
murhu mai rowar gawayi,
a raba ɓawon doya da leda kafin a zubar.

Awudu mai gyaran firiji ya ce
shi iskar in ya kwance bututu, ina zai zuba ta,
a aljihu?
Aka yi dariya. Madam ba ta yi ba, ta rubuta.

"Gas ɗin nawa?" in ji Mma Sahadatu.
Aka faɗa.
Ta lissafa da yatsu a kan zanenta:
faranti nawa, kwana nawa.
Ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba.
Ta dangwala babban yatsa a layi na tara,
ta bar baƙin shaida tun kafin a miƙo tawada.

Da asuba na ji ta tana fifita wuta.
Na ɗauki kwanona na bi layi,
hayaƙin ya zagaye mu, yana ɗaukar sunaye
a tasa takardar.