Saƙo Ta Hannun Dilimi

Ƙarfe biyun dare a Nasarawa Gwom,
ruwan Agusta na kiɗi a kan kwanon ɗakina.
Janareta ya yi tari sau biyu, ya daure.

A fuskar kwamfuta na shimfiɗa Tafkin Cadi
da duk ƙasar da ke kai masa gaisuwa.
Na yanka ta gida-gida kamar ramukan dara,
gida dubu arba'in,
kowanne da rairayinsa, da yumɓunsa,
da irin tasa ƙishirwar.

Na ce wa na'ura: ga ruwan sama na shekara talatin,
ga abin da rana ta sace da tsakar rana,
ga rabon shinkafa, ga rabon kachala,
ga burtsatsen da aka haƙa ba a gaya wa kowa ba.
To, faɗa mini,
tsakanin kogi da cikin ƙasa, wa ke bin wani bashi?

Ta ce da damina kogi ne mai kyauta,
yana zuba wa ƙasa a ɓoye kamar adashi.
Da bazara kuwa ƙasa ke biya,
ɗigo-ɗigo, ta ƙarƙashin ƙafar masunta,
ba shaida, ba rasit.

Sai dai akwai rijiya guda bayan Gashuwa.
Lissafina ya ce gaba shida a taɓa ruwa.
Modu Aisami, mai igiya da ƙulli-ƙulli,
wanda ke auna mini ita duk ran Laraba,
ya aiko a takardar sukari: gaba takwas, Malama Tasalla,
har guga na dawowa da laka a baki.

Gaba biyu!
Sati uku ina neman gaba biyu.
Na sassauta yumɓu, na matse yashi,
na gyara wannan ƙauye, wancan ya nutse.
Kakata kan ce ruwa ba ya tsami banza;
ba ya ɓata banza ma, Inna,
akwai wata ƙofa a ƙasa da ban san da ita ba.

Igiyar Modu na yarda da ita.

Na buɗe taga. Sanyin dutse ya mare ni.
Ga ruwa a kwata, ja wur da ƙasar kuza,
yana sauri ya tarar da Dilimi,
daga can Jama'are, daga can Yobe,
in an bar shi ya wuce.

Kai mai tafiya gabas,
in ka nutse a hanya, ka duba mini inda ka shiga.