Rumbu Huɗu a Ciki Ɗaya

Ran Talata, ƙarfe uku na rana,
zafi ya danne Zango kamar bashi,
ordinatata ta yi tari sau biyu,
allo ya yi shuɗi, ya yi baƙi.
Karo na uku ke nan tun azumi.

Ina cikin yankan hoton Baba Nomau,
tsohon badukun nan na Birni.
Bakinsa a buɗe,
zai faɗi yadda karan dafi ke ba fata ja,
kalmar ta tsaya masa a wuya.
Shi kuwa wata biyu ke nan da muka kai shi makwanci.

Diski huɗu na jera a cikinta,
babur ɗina na sayar na saye su.
Na ɗaure su da igiyar da ido ba ya gani,
wai in ɗaya ya manta, uku su tuna.

Kalla mai gyara ya kwance murfi,
ya kai bayan hannu kamar mai taɓa goshin yaro:
"Ilu, a ina ka ga an gina rumbu a ɗakin girki?
Baki huɗu ka ƙara, tukunya ba ta ƙaru ba.
Kowane yana juyi, kowane yana huci,
ga katin hoto yana jiran nasa loma.
Fanka ɗaya ce, ita ma fiffike biyu sun karye.
Fitar da su waje su sha iska."

Hurera ta zo karɓar bidiyon walimar ɗalibai,
ta leƙa, ta yi tsaki:
"Kar ku ɗora wa bayin Allah laifi.
Nawa diski yake ci?
Ka duba akwatin da ke raba wutar,
na gwanjo ne daga Kasuwar Dole,
lambar da ke jikinsa ma ƙarya take.
Sannan wutar garin nan,
ta zo da gudu kamar an koro ta,
ta tafi ba sallama.
In kura na maganin zawo,
ka fara tambayar soket ɗinka."

Shayi ya kai na uku suna musu.
Ni dai ina kallon ƙarafa huɗu kan tabarma,
kowane bai fi tafin hannuna ba,
cikin ɗayansu, ko cikin dukansu,
akwai tsoho da wuƙarsa da rabin magana.

Na raba gardama kamar goro:
na yi musu akwati a waje, don Kalla,
na sayi sabon mai raba wuta, don Hurera,
jika arba'in da biyar, bashin ƙanen uwata.

Kwana talatin da takwas tana aiki lafiya.
Kalla in ya wuce sai ya ɗaga yatsa,
Hurera in ta wuce sai ta ɗaga gira,
kowa ya ɗauka shi ya ci.
Ran na talatin da tara,
gab da la'asar,
ta sake yin tari.

Yanzu ban san wa zan tuhuma ba.
Ko zafi, ko wuta, ko tsufan ƙarfe,
ko ni da ke sa ta niƙa har asuba
ba tare da na ce mata sannu ba.

Na dai ɗauki akwatin a kafaɗa
na kai shagon Kalla, muka jona a tasa.
Diski huɗu suka yi gyaran murya.
Baba Nomau ya ɗago kai,
ya tofar da zare,
ya ce: "Sai ka jiƙa shi da toka tukuna,
yaro, ja ba ya son gaggawa."