Bangon Bashi

An ce ƙaramar hukuma ta sayi tsohon kanti.
Magada sun sa hannu a Haɗeja,
an raba kuɗi, kowa ya kama gabansa,
sannan aka tuna ƙofar a kulle take.
Aka turo yaro a kan babur:
"Baba Ilu, ciyaman na kira, ka zo da mabuɗi."

Shekara ashirin da uku yana cikin gwangwanin madara
tare da allurar buhu da kwabo mai huda.
Kwaɗon ya ƙi. Sai da aka ɗiga masa baƙin mai
ya yi tari irin na tsoho, sannan ya buɗe baki.

Jemagu suka watse a kanmu kamar an tashi kasuwa.
Ga kantar nan, gara ta cinye mata ƙafa ɗaya.
Ga ƙusa biyu da na kafa da hannuna,
tsakaninsu yadi guda cif.
A nan na auna shadda da atamfa
na bukin rabin Malam Madori,
a nan kuma na yanka wa wasunsu likkafani.

Injiniya Suwaiba, 'yar Gambo mai faci,
hular kwano a kan mayafi,
tana tafe tana nuni da biro:
nan ɗakin koyon ɗinki, can na gyaran waya,
shago takwas a bakin titi, haya wata-wata,
a sauke rufi, a ɗora sola,
bangon gabas kuwa a share shi a shafa fenti.

Na ce, 'yata, dakata.
Haska min bangon nan da wayarki.

Alhaji Barau bai yarda da littafi ba,
ya ce takarda tuwon gara ce.
A bango muke rubuta bashi
da fensirin kafinta, wani da boko, wani da ajami.
Dije mai ƙosai, kananzir kwalba biyu.
Malam Jibo na tasha, fitilar ƙwai da lagwani.
Sarkin aska, sabulu sanda ɗaya.
Wanda ya biya a ja masa layi.
Wanda jirgi ya yi kudu da shi bai dawo ba,
sunansa na nan a tsaye, ba layi.

Ciyaman ya matso yana dariya,
yana karantawa kamar mai kiran suna a aji,
har ya sunkuya daidai gwiwa:
Tanimu ɗan dako, kaki yadi uku,
riga da wandon makarantar yaro.
Ba layi.
Dariyar ta koma ciki.
Ya cire hula, ya sosa ƙeya, ya mayar,
ya sa hannu a aljihu yana waige-waige.
Wa zai ba?
Magada sun tafi, bango ya zama na hukuma,
shi ne kuwa hukuma. Mutum na bin kansa bashi?

Na ce, ranka ya daɗe, Alhaji ya yafe wa mahaifinka
tun kafin ya kwanta dama,
ni ne na manta ban ja ba.
Allah ya yafe min ni ma.
Barau bai taɓa yafe wa kowa ko sisi ba,
duk garin nan an sani.

Tifa ta zo da yashi, aka yi wata bakwai ana hayaniya.
Masu fenti suka shafa sau biyu, fari tas.
Aka yanka ƙyalle, aka raba lemo,
aka ba wani saurayi sabon mabuɗi.

Jiya na biya ta wajen bayan ruwan la'asar.
Kekunan ɗinki goma sha biyu na gudu,
danshi ya hau bangon gabas,
fensir ya fara leƙowa ta ƙarƙashin fari.
Jikar Dije na zaune daidai wurin, tana koyon kalmasa,
kananzir kwalba biyu a saman kanta, ba ta gani ba.
Ban ce komai ba.
Na dawo gida na buɗe gwangwani,
na mayar da tsohon mabuɗi.