Takalmi a But ɗin Mota

A Sheffield rana ba ta cika alkawari.
Ƙarfe huɗu duhu ya shigo ba sallama,
ni kuwa ina bayan sitiyarin bas,
ina hawa tudu, ina gangarawa,
ina lissafin abin da na baro a Gusau
da abin da nake jira ɗana ya zama.

Sakamako ya zo ranar Laraba.
Lissafi ja. Kimiyya da ƙyar.
Malamin wasanni kaɗai ya cika shafi,
wai Nafi'u iska ne a tseren mita ɗari takwas.
Na ce ban ƙetare teku don in yi renon ɗan iska ba.
Na ɗauki takalminsa mai ƙusoshi
na jefa but, na murɗa makulli.
Zilai ta dube ni,
ta ci gaba da yanka albasa.

Wata biyu yaro na zaune gaban littafi
kamar an dasa shi,
biro a hannu, ido a taga.
Ya daina neman ƙarin tuwo,
ya daina tsokanar ƙanwarsa.
Gida ya yi tsit irin yadda nake so,
sai na ji ba na so.
Sakamako na biyu ya zo, jan ya ƙara ja.

Misis Ogden ta kira ni makaranta.
Dattijuwa ce, tabarau rataye a wuya.
Ba ta nuna min jarrabawa ba,
bayan littafinsa ta buɗe:
lambobi birjik kamar tururuwa sun sami sukari.
Zagayen farko daƙiƙa sittin da huɗu,
in ya rage biyu a kwanar ƙarshe, nawa ke nan,
ya raba, ya ninka, ya ɗebe,
ko ɗigo bai kuskure ba.
Ta ce, yaronka ya iya lissafi,
bai dai san shi ne lissafin ba.
Na yi shiru.
Ni na rufe rijiya, na zo ina tambayar
me ya kawo ƙishirwa.

Da dare na buɗe but.
Takalmin na warin laka da raɓa,
igiyarsa ɗaya ya ɗaure ta sau uku inda ta tsinke,
bai taɓa ce min in sayo sabuwa ba.
Sai na tuna wani yaro ba takalmi
a filin firamare,
ya tsinka zare da ƙirji, ya waiwaya,
babu kowa nasa a gindin darbejiya.
Ashe barewar ta manta ta taɓa gudu.

Asabar na roƙi Kwabena ya karɓi aikina.
Yayyafi mai sanyi, iyaye da fulas ɗin shayi,
ni a jikin shinge da rigar kamfani.
Bindiga ta tashi.
Ban san na iya ihu haka ba,
da Hausa, a tsakiyar Turawa:
Ɗaga ƙafa, ɗan Zilai!

Na huɗu ya zo.
Ba kofi, ba lambar wuya.
Ya dafa gwiwa, numfashi na tashi kamar hayaƙin murhu,
kafin ya nemi ruwa
sai da ya nemi fuskata.

A hanyar gida gilashi ya yi gumi,
ya sa yatsa yana rubutu:
Baba, daƙiƙa uku ce tsakanina da na uku.
Kai minti nawa kake yi daga tasha zuwa tasha?
Muka lissafa tare. Ya kama ni da kuskure.

Sakamakon jiya ba ja, ba kuma abin ɗaurawa a bango ba.
Takalmin na bushewa kan hita,
cike da tsohuwar jarida,
ƙanwarsa na ƙarar ya cinye mata nama,
littafin lissafi a buɗe,
wannan karon ta gaba.